Ɗalibin neropisikoloji: yaya yake kallon horonsa, kuma wa ke sauraronsa?

Wata ɗaliba ƴar asalin Tawa, wadda ke shekarar ƙarshe ta lisansi a fannin nazarin halayyar ɗan Adam a nan Yamai, ta aiko mini da tambaya. Ta ce tana sha'awar neropisikoloji, wato nazarin alaƙar ƙwaƙwalwa da halayyar mutum, amma kafin ta ɗaura ɗamara tana son ta san yadda waɗanda ke cikin horon suke kallonsa, da kuma ko ɗalibi yana da ta cewa a wannan sana'a, ko kuwa nasa shi ne ya riƙe biro ya yi shiru har ranar da za a miƙa masa takardar shaida.

Ƙanwata, tambayarki ta zo a kan gaɓa, domin na daɗe ina karɓar ɗalibai masu sitaj, kuma ni kaina na taɓa zama a kujerar da kike shirin zama. Mafi yawan masu koyon wannan aiki suna ƙaunarsa, ba sa nadamar shigarsa, amma kokensu kusan ɗaya ne a ko'ina: su ne ke wuni da majinyata, wasu ne ke yanke shawara a kan yadda za a koyar da su da yadda za a yi aikin. A ƙasashen da fannin ya kafu, wannan koke batu ne na yi wa ɗalibi adalci. A wurinmu ya wuce nan, domin duk ranar da ɗalibi ya haɗiye abin da ya gani, majinyaci ne zai kwana a ciki.

Neropisikoloji nazari ne na alaƙar da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da abin da mutum ke iya yi, wato tunawa, magana, mai da hankali, tsara aiki da danne fushi. Likitan jijiyoyi yana duba hoton sikana ya ga inda jini ya toshe ko ya fashe, mu kuma muna zama da mutumin awa 2 ko 3, muna ba shi gwaje-gwaje, don mu gane abin da ciwon ya ɗauke da abin da ya bari, sannan mu gaya wa iyalinsa ko zai iya komawa kasuwa, ko ya dace ya ci gaba da hawa babur, ko yaron zai iya komawa aji. Za a karantar da ke labarin Paul Broca, wanda a 1861 ya nuna a Paris cewa rauni a wani yanki na gaban ƙwaƙwalwa ta hagu yana hana magana, da labarin Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya, ya rasa ikon ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwarsa. Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne, Suzanne Corkin, wadda ta bibiyi Molaison har rasuwarsa a 2008, ɗaliba ce a ƙarƙashin masaniyar fannin Brenda Milner lokacin da ta fara zama da shi a 1962. Tun asali, wanda ya fi daɗewa a gaban majinyaci shi ne ɗalibi.

Tsawon hanyar ya danganta da inda kika nufa. A Amurka, taron da aka yi a birnin Hustan a 1997 shi ne ya shata tsarin: digirin dakta, da shekara 1 ta aikin asibiti a ƙarƙashin kulawa, da ƙarin shekara 2 na ƙwarewa bayan digirin, kafin a je ga jarrabawar hukumar tantance ƙwararru. A 2022 an sake zama a Minesota don sabunta wannan tsari. A Faransa, inda da yawa daga cikinmu muka bi, dokar 25 ga Yuli 1985 ce ke kare laƙabin masanin halayyar ɗan Adam, kuma sharaɗin shi ne lisansi da masta a fannin, tare da sitaj na aƙalla awa 500. Neropisikoloji a can reshe ne da ake zaɓa a masta, ba laƙabi ne mai zaman kansa a doka ba. Bambancin yana da yawa, kuma yana shafar yadda ɗalibi ke kallon kansa. Ba'amurke yana kuka da tsawon shekaru, da bashin karatu, da ƙaura daga jiha zuwa jiha don neman gurbi a daidai lokacin da tsaransa ke kafa gida. Na Faransa yana kuka da akasin haka: neman wurin sitaj wahala ne, kuma yakan fito yana jin bai ga majinyata da yawa ba, ga shi an damƙa masa ofis shi kaɗai.

A Amurka ɗalibai sun sami kafofin magana tun da daɗewa. Reshen neropisikoloji na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar yana da ƙungiyar ɗalibai da ake kira ANST, ƙungiyar masana fannin ta duniya, INS, wadda aka kafa a 1967 tana da kwamitin ɗalibai, haka ma ƙungiyar AACN ta ƙwararrun fannin masu aikin asibiti, wadda kwamitin ɗalibanta ya riƙa jin ra'ayin masu horo ta hanyar tambayoyi a rubuce, har da lokacin annobar korona a 2020, sa'ad da asibitoci suka rufe ƙofa ga masu sitaj aka koma gwaji ta bidiyo. A shekarar ce kuma matasan fannin suka buɗe jerin laccoci na kyauta a intanet mai suna KnowNeuropsychology, wanda ke ma za ki iya bi daga Yamai idan Turancin Ingilishinki ya kai. Darasin da na ɗauka daga gare su shi ne, ba su tsaya ga gunaguni a bayan ofis ba: sun tattara abin da ke damunsu, sun ƙidaya shi, sun buga shi a mujallun da malamansu ke karantawa. Wannan ne ya mayar da ƙorafi hujja.

Yanzu mu dawo gida, inda zancen ya fi damuna. Masu wannan ƙwarewa a Nijar ƴan ƙalilan ne, alhali buƙatar ta yi mana katutu. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma wanda ya ga annobar 2015 ya san cewa yaran da suka rayu ba dukansu ne suka koma yadda suke ba. Wasu sun kurumce, wasu karatu ya gagare su. Zazzaɓin cizon sauro da ke hawa ƙwaƙwalwa yana barin tabo: binciken da aka yi a Yuganda, aka buga a 2008, ya gano cewa kusan yaro 1 cikin 4 na waɗanda suka tsira yana da naƙasu a tunani shekara 2 bayan ciwon. Ga farfaɗiya da har yanzu ake kai wa masu cire iska kafin a zo asibiti, ga amosanin jini da ke toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara ba tare da an lura ba, ga shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini, ga ƴan kabu-kabu da ke faɗuwa ba hular kwano. Duk waɗannan aikinmu ne. Amma kayan aikin da muka ɗauko daga makarantun waje an ƙera su ne don mutumin da ya yi boko, mai jin Faransanci ko Ingilishi, wanda ya saba da biro da takarda da agogon bango.

Bari in nuna miki abin da nake nufi da abin da ya faru a gabana. An kawo mana wani dattijo daga yankin Adar, mahaddacin Alƙur'ani ne, kuma ya yi shekaru yana fataucin albasa. Ɗansa ya ce ya fara mantuwa. Na sa wani ɗalibi da ke sitaj a wurina ya yi masa MoCA, wani gajeren gwajin tunani da mantuwa, wanda aka wallafa a 2005, mai maki 30. A cikinsa ana so mutum ya ja layi daga 1 zuwa A, daga A zuwa 2, daga 2 zuwa B, ya kwaikwayi zanen akwati mai kusurwa, ya zana agogo ya sa hannayensa a ƙarfe 11 da minti 10, ya faɗi sunan dabbobi 3 da aka zana, wato zaki da karkanda da raƙumi, ya riƙa cire 7 daga 100, ya faɗi kwanan wata. Dattijon ya riƙe biron kamar alƙalamin kara, ya fara daga hannun dama, ya dubi haruffan boko ya ajiye. Raƙumi ya gane shi nan take, har ya ce wannan ramamme ne. Karkanda kuwa ya ce sa ne mai ƙaho a hanci. Da aka tambaye shi wata, ya ce Rajab, kuma daidai ya faɗa, sai dai takardar tana neman watan Bature. A gurbin shekarun karatu ɗalibin ya rubuta sifili, domin takardar ba ta san makarantar allo ba. Makin ya fito ƙasa da rabi, ni kuma na duba lambar na sa hannu, muka gabatar da shi a taron safe a matsayin mai gigin tsufa da ya yi nisa. Ɗalibin yana zaune a wurin bai ce uffan ba.

Sai bayan azahar, a inda muke ajiye babura, ya matso ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce: «Malam, ka yi haƙuri, ni a ganina tsohon nan bai rikice haka ba.» Ashe bayan an gama gwajin ya ci gaba da hira da shi da Hausa. Ya ce masa, in ka sayar da buhu 3 a kan jika 12 kowanne, aka ba ka jika 50, nawa za ka mayar? Tsohon ya ce jika 14 tun kafin ya rufe baki. Ya tambaye shi tashoshin da mota ke tsayawa daga Tawa zuwa Ƙonni, ya jero su. Amma ɗalibin ya lura da wani abu kuma: ya ba shi sunayen abubuwa 5 na gida, ƙwarya, tabarma, gero da makamantansu, bayan ƴan mintuna tsohon bai tuna ko ɗaya ba, ko da an yi masa nuni. Ɗansa kuma ya gaya wa ɗalibin, abin da bai gaya mini ba, cewa mahaifinsa ya fara shakkar raka'a nawa ya yi a salla, yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a yini. Wato ciwon yana nan, amma a farkonsa yake, kuma ya tsaya ga ajiye sabon abu. Lissafinsa da hankalinsa na ciniki suna nan daram. Da an bi rahotona na farko, da an karɓe masa dukiyarsa da shawarar gidansa tun lokaci bai yi ba. Na ji nauyin wannan ƙwarai, kuma laifin ba na ɗalibin ba ne. Ni ne ban tambaye shi abin da ya gani ba, na tambaye shi maki kawai.

Wannan matsala tsohuwa ce a fannin. A 1931 da 1932 Alexander Luria, wanda ake ɗauka cikin iyayen neropisikoloji, ya je ƙauyukan Uzbekistan ya yi wa manoman da ba su yi makaranta ba tambayoyin hankali. Yakan ce musu a can arewa mai ƙanƙara duk dabbar beyar fara ce, wuri kaza yana can arewa, to wane launi ne beyar ɗin wurin? Su kuma su amsa cewa ba su taɓa zuwa ba, a tambayi wanda ya je ya gani. Wannan ba raunin ƙwaƙwalwa ba ne, tarbiyya ce ta ƙin yin shaida a kan abin da ido bai gani ba, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dattijon da zai ba da irin wannan amsa. An yi ƙoƙarin gyara. A aikin haɗin gwiwa tsakanin masu binciken gigin tsufa na Indiyanapolis ta Amurka da na Ibadan, wanda ya fara a farkon shekarun 1990, an yi amfani da gwajin CSI-D mai haɗa tambayar majinyaci da tambayar ɗan'uwan da ke zaune da shi, kuma a Ibadan ɗin ne aka fito da gwajin tsinken ashana, inda ake jera tsinke 4 a wani fasali a ce mutum ya kwaikwaya, maimakon a tilasta masa zane da biro. A Tanzaniya an samar da gwajin IDEA don tsofaffin karkara. A Faransa kanta an ƙirƙiri TNI-93, gwajin hotuna 9, saboda baƙin da ke zaune a unguwannin bayan Paris ta arewa maso gabas waɗanda ba su iya karatu ba. MoCA ma yana da wani nau'i da aka sauƙaƙa don masu ƙarancin boko. Sai dai gwaji ba ya zama namu don an fassara shi kawai. Dole a gwada shi a kan ɗaruruwan lafiyayyun mutanenmu, maza da mata, na birni da na ƙauye, masu boko da masu allo da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba, a san makin da lafiyayyen Ba'adare ko Bazabarme ɗan shekara 70 ke samu, sannan a iya cewa wane ya gaza. Wa zai yi wannan aiki? Ɗalibai ne, a cikin kundin kammala masta da na dakta. Tunda dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba mu da uzurin ci gaba da auna ƙwaƙwalwar mutane da harshen da ba sa mafarki da shi.

To me ke hana ɗalibanmu magana? Idan na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da suke faɗa ba su cika bambanta ba. Suna jin daɗin cewa abin da suka karanta a littafi suna ganinsa da ido, kuma babu abin da ke faranta musu rai kamar ranar da suka bayyana wa uwa cewa ɗanta ba malalaci ba ne, ba kuma aljanu ba ne, ciwo ne mai suna. Amma suna jin an mayar da su tafintoci da masu cika takardu, ana kiransu idan majinyaci ba ya jin Faransanci, a sallame su idan an zo yanke hukunci. Suna kashe kuɗin mai da na kwafin takardun gwaji daga aljihunsu. Suna tattara bayanai na watanni, takarda ta fito a mujalla ba sunansu. Suna fargabar ranar da za su gama, domin a asibitoci da yawa ba a ma san inda za a ajiye mai wannan ƙwarewa ba. A saman duka akwai kunya. An rene mu a kan cewa bin na gaba bin Allah ne, yaro ba ya gyara wa babba zance a bainar jama'a, balle malamin da makinka ke hannunsa. Ga ɗiya mace nauyin ninki biyu ne, kuma ke kin fi ni sanin haka. Ni ba na cikin masu cewa a zubar da wannan tarbiyya, domin ladabin da ke sa ɗalibi ya durƙusa ya gaida tsoho shi ne ke sa tsohon ya saki jiki ya yi gwajin da zuciya ɗaya. Abin da nake cewa shi ne, girmama malami daban, ɓoye masa abin da zai cutar da majinyaci daban, kuma nauyin raba waɗannan biyu yana wuyan malamin kafin ɗalibi.

Tun daga ranar dattijon nan na sauya tsarin taronmu. Wanda ya zauna da majinyaci shi ke fara magana, kafin kowane babba ya buɗe baki, domin da zarar babba ya faɗi ra'ayinsa yara sun gama magana. Ba na barin a fara da maki; sai an gaya mini yadda mutumin ya shigo, da wane harshe aka yi hira, wa ya rako shi, ko ya ci abinci, ko yana ji sosai, ko ya taɓa riƙe biro. A takardarmu mun ƙara gurbin makarantar allo da iya karatun ajami. Kuma kowane mako ina ware wa kowane ɗalibi lokaci shi kaɗai, ƙofa a rufe, don na gane cewa abin da ba a iya faɗa a taro ana iya faɗarsa a nan. Ɗalibin da ya tare ni a wurin babura shi ne ya kawo shawarar gwajin lissafi da dala da jika, kuma da sunansa muke kiran takardar har yau.

Game da ke kuwa, idan kin tashi neman wurin masta ko na sitaj, a gida ko a waje, kada sunan jami'a ya rufe miki ido. Ki tambayi waɗanda suka riga ki majinyata nawa suka gwada da hannunsu, sau nawa malamin ya zauna ya kalle su suna gwaji, ko yana karanta rahotonsu layi-layi yana gyarawa, da yadda ake yi idan ɗalibi ya saɓa wa malami. Kafin ki fara tattara bayanai don kowane bincike, ki nemi a yi maganar jerin sunayen marubuta tun da wuri, cikin ladabi, a rubuce in da hali. Ki ƙarfafa ilimin ƙididdiga, domin ba a tsara ma'aunin gwaji sai da shi, kuma ki koyi Ingilishi gwargwadon karanta mujalla. Idan kin sami tafiya waje, ki zaɓi batun kundinki daga matsalar gida, ko da malamanki na can sun fi son wani abu.

Ki kuma sayi littafin rubutu guda tun ranar farko ta sitaj. Duk tambayar da majinyaci bai gane ba, duk hoton da ya kira da wani suna, duk kalmar da ta ƙi fassaruwa zuwa Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, ki rubuta ta da shekarun mutumin da irin karatunsa da garinsu, ba tare da sunansa ba. Ki nemi abokan karatunki, har da ɗaliban likitanci da masu koyon gyaran magana da masu gashin ƙashi, su ma su riƙa yin haka, ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata kuna kwatantawa. Idan kika ce wa malaminki hoton karkanda bai dace ba, yana iya cewa ra'ayinki ne. Idan kika ajiye masa shafi mai nuna cewa cikin lafiyayyun tsofaffi 40 da kuka nuna wa hoton ga adadin waɗanda suka gane shi, sai ya jawo kujera ya ce ki zauna ku duba abin da za a sa a madadinsa.